Farin Tabo a Bakin Baba Bitrus

Mun tashi daga Sakkwato ana kiran assalatu, ni da ƙanena, da takardar asibiti a aljihuna. Sakamakon gwajin Baba Bitrus ne, aminin marigayi mahaifinmu Audu tun suna soja, wanda ya koma noma a ƙauyen Manga, kusa da Zuru. Watan jiya aka yanki ɗan nama a bakinsa don bincike.

Hanyar ta fi bara lalacewa. Direbanmu in ya kauce wa rami ɗaya sai ya faɗa biyu, kuɗin mota kuwa ya hau kamar an yi mata sabuwar kwalta. A Rikoto muka ci doya da ƙwai, sannan muka hau babura. Dawa ta fitar da kai, duwatsun Zuru sun yi kore shar.

Mun iske Baba Bitrus a gindin ɗorawa, ya rame. Tun yana barikin soja yake cusa garin taba da kanwa a leɓensa na ƙasa. Da farin tabo ya fito a wurin, mutanen gida suka ce kanwa ce ta daskare. Damina biyu yana kankare shi da wuƙa kowace safiya.

"Mi likita ya ce, ɗan Audu?"

Na maimaita masa bayanin da aka yi mini. Fatar cikin baki kullum tana sabunta kanta: ƙwayoyinta su tsiro daga ƙasa, su hau sama, su ƙosa, su mutu, su zube. Akwai ƙwayoyin gado da ke ba su umarnin mutuwa. A wurin tabon umarnin ya lalace, ba sa ƙosawa, ba sa mutuwa, sai taruwa. Ciwon daji ne, kuma likita yana son a yi aiki cikin watan nan.

Ya dafe kunci ya yi dariya. "Ashe sojoji ne suka ƙi bin oda. A zamaninmu da tuni suna kulle a gadirum."

Matarsa, Mama Rahila, ba ta yi dariya ba. Ta ajiye masa kunu, abin da kawai yake iya haɗiyewa.

Na ce, "Baba, mu tafi tare gobe."

"Dawar fa, kai za ka yanke mini? In ta shiga rumbu zan zo."

Muka yi roƙo har rana ta karkata. Daga ƙarshe ya zaro gwangwanin tabarsa ya miƙo mini. "Wannan dai na bari. Kai wa likitanka ya gani."

Washegari muka juyo. Wurin da muka tanadar masa a mota, buhun gyaɗar da Mama ta ba mu ne ya zauna. Mun shiga gida da la'asar.

Tafiyar ta koya mini cewa iya bayani daban, shawo kan mutum daban, kuma tabon bakin da ya ƙi warkewa na likita ne, ba na wuƙa ba. Girbi saura mako shida. Gwangwanin yana kan teburina.