Ranar da na kai jikata gaban Anti

Jikata tana da shekara huɗu lokacin da ɗana ya yanke hukunci. Uwarta Bafulatana ce, da Fulatanci take yi mata magana, mu kuma da Hausa. Makarantar rainon da take zuwa a Ɗan Iya suka aiko cewa yarinya ba ta iya kai labari ƙarshe, sai ta fara ta watsar ta tashi da gudu. Ɗana ya ce harsuna ne suka cakuɗe mata. In aka gwada ta ranar Laraba ta kasa, an daina Fulatanci a gidansa. Na dai ga idon surukata.

Su duka suna wurin aiki, sai ni aka tura, ni da aka kora daga aji uku saboda surutu.

Malamar 'yar Kudu ce, yara na ce mata Anti. Ta jera hotuna huɗu a tebur, na wata saniya da ta tsinke igiya. Ta dube ni.

"Baba, don Allah kada ka taimaka mata."

"Ni? Ai ko tari ba zan yi ba."

Ƙarya nake. A gida, da yarinyar ta ɗan tsaya nake cafe labarin in ƙarasa, har da ƙarin gishiri. Ita kuwa sai ta tashi ta bar ni ina ta zuba.

Ta fara lafiya. Saniya ta fita, ta shiga gonar mutane. A hoto na uku ta tsaya cak. Ƙafafunta suka soma lilo, idonta na kan ƙofa. Ga kalmar a bakina, tana ƙaiƙayi. Na danna goro, na tauna har da harshena. Anti ba ta motsa ba. Fanka na ta ƙara. Na yi gyaran murya.

"Kaka, ka yi shiru mana! Ina nemowa."

"To, tsohuwa, nemo."

Ta cusa hannuwanta ƙarƙashin cinya, ta ja numfashi. Ta faɗi wani abu da Fulatanci a hankali, ita kaɗai, sannan ta juyo da shi Hausa: mai gona ya fito da sanda. Daga nan ba ta sake tsayawa ba sai da ta mai da saniya turke.

Anti ta tambaye ni wa ke sauraron labarinta a gida. Na ce ni ne. Ta ce, "Na gani." Ta yi rubutu mai tsawo, ta ninke ta miƙo mini.

A keke na yi ta juya takardar, ban san ko ceto na ɗauko ko tuhuma ba. Ɗana ya karanta sau biyu, ya ɗago ya dube ni, ba yarinyar ba. Bayan la'asar surukata ta ƙwala wa 'yarta kira da Fulatanci daga madafa, da ƙarfi. Ɗana yana zaune a tsakar gida yana jin ta, ya ci gaba da cin abincinsa.