Barcin Mahaƙin Rijiya

Gajere ake ce masa tun yana yaro, kuma sunan ya bi shi har furfura. Haƙa rijiya ce sana'arsa, shi da yayansa. Yaya dogo ne siriri, shi ya sa yawanci shi ke tsayawa a sama yana jan guga, Gajere na ƙasa da diga. Yaya yakan ce Allah ya auna bakin rijiya ne kafin ya halicci ƙanen nasa. Gajere kuwa ya ce ai shi Yaya igiya aka tashi yi, aka yi mantuwa aka sa masa ƙafafu. A wancan zamanin barci ba ya yi wa Gajere wuya. Ko a kan tulin jar ƙasa ya kishingiɗa, sai an yayyafa masa ruwa yake tashi.

Wata rana aka kira su yasar wata tsohuwar rijiya a bayan wani gidan haya. Suka yi ta kwasa da guga, ruwa ya ƙi ja baya. Mai gidan ya aro musu injin jan ruwa mai shan fetur. Tiyon bai kai ƙasa ba, sai suka zura injin cikin rijiyar, suka ɗora shi a kan katakon da suka gitta. Akwai wani fasasshen zoben siminti a can ƙasa da mutum ɗaya ba zai iya ɗagawa ba, don haka Yaya ma ya sauka, suka bar wa mazan gidan igiya.

Suna cikin aiki, injin na ruri a saman kansu, sai Yaya ya saki shebur. Ya ce, "Ni fa barci nake ji. Bari in ɗan zauna."

Ya zauna cikin ruwa har ƙugu, ya jingina da bango, ya lumshe ido. Gajere ya buɗe baki zai tsokane shi, sai ya ji shi ma jikinsa ya mutu. Bai ji zafi ba, bai ji tsoro ba. Wani irin barci ne mai daɗi ya taso masa tun daga ƙafafu, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya tuna ya ce a ransa ai ba laifi, su ɗan huta. Daga nan sai ganin kansa ya yi kwance a tsakar gida, mutane sun kewaye shi, ana yi masa fifita da kwali. Yaya na gefe, an rufe shi da zane.

A asibiti aka ce hayaƙin injin ne, kuma shi ya tsira, ba abin da ya taɓa masa. Da ya koma gida ya kwanta, matarsa ta kashe fitila. Idonsa ya fara nauyi, kafaɗunsa suka saki, sai ya gane abin. Shi ne dai, wannan daɗin da ke tasowa daga ƙafafu. Ya zabura ya miƙe zaune, ƙirjinsa na dukan uku-uku, yana jan numfashi kamar wanda aka tsamo daga kogi. Ya lallaɓa ya sake kwanciya, abin ya sake dawowa. Haka ya yi ta yi har gari ya waye.

Kowa ya ce masa firgita ce, za ta wuce. Ba ta wuce ba. Da rana lafiyarsa lau, yana ci yana hira. Amma da zarar inuwar katanga ta fara tsawo a tsakar gida, sai ya fara fargabar dare. Ya riƙa jan hira da maƙwabta a ƙofar gida har kowa ya watse. Ya cire labulen ɗaki, ya daina rufe taga ko ana ruwa. Ya koma barci a zaune, amma da ya ga ya jingina da bango sai ya tuna wanda ya gani a haka, ya matso tsakiyar katifa. Ya yi addu'o'in da ya sani da waɗanda aka koya masa. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya ce zuciyarsa ta fi ta saurayi, ya ba shi ƙwayoyin barci. Gajere ya sha ɗaya. Daren nan ya ji ana jan sa ƙasa, yana so ya zabura jikinsa ya ƙi. Da safe ya zubar da sauran a kwata.

Bai sake shiga rijiya ba. Ya sayar da digarsa, ya koma gyaran famfo, yana yawo da jakar sifana gida-gida. Matan gidajen da yake aiki sun san shi da jajayen idanu da yawan hamma, wasu har suna zargin shaye-shaye yake yi.

Matarsa ce kaɗai ta san yadda darensu yake. Kullum kafin ya kwanta sai ya yi mata sallama irin ta mai tafiya. Ya gaya mata famfon gidan wane bai ƙarasa ba, ya ce ta kula da Auta, 'yarsu, sannan ya nemi gafararta. Da fari kuka take yi. Da abin ya zama na kullum sai ta mayar da shi wasa.

"Maigida, gafarar jiya ma ba ka taɓa ta ba, tana nan sabuwa. Kwanta."

Ta yi masa alkawari ba za ta runtsa ba sai ya yi barci, kuma in ta ga numfashinsa ya canja za ta tashe shi. Sai ta jawo kayan ɗinkinta na hannu ta zauna a bakin gado, tana ba shi labarin unguwa, wa ya tashi, wa ya tare, akuyar wa ta shiga gidan wa. Wani daren ya samu barci. Wani daren gajiya ta kayar da ita da allura a hannu. Ba ya tashinta. Sai ya zare allurar, ya zauna yana kallon zanen da ta rufa da shi yana hawa yana sauka, in ya ga ya daɗe bai motsa ba ya kai bayan hannunsa kusa da hancinta.

A haka suka aurar da Auta, a haka suka tsufa. Matar ce ta riga shi. Ta yi 'yar jinya, ta cika da rana tsaka, idonta biyu, tana cikin yi masa faɗa ya daina tsayuwa a kanta ya je ya ci abinci. Kafin nan ta kira Auta ta gaya mata komai, ta ce kada a bar babanta ya kwana shi kaɗai.

Auta ta ɗauke shi zuwa gidanta. Ta yi ƙoƙari, amma ga goyo ga aiki, kuma shi yana jin nauyin 'yarsa ta zauna gadinsa. Sai ya riƙa ce mata ya yi barci, alhali ta bango tana jin takunsa yana kai da kawo. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Mijin Auta a gidan burodi yake aiki, kuma aikinsu na dare ne. Wata rana da magariba yana shirin fita ya ga surukinsa zaune a ƙofar ɗaki yana kallon sama. Ya durƙusa ya ce famfon wurin aikinsu na yoyo, ko Baba zai taimaka ya duba musu. Gajere ya ɗauki jakarsa ya bi shi.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Ya zauna a kan benci kusa da buhunan fulawa yana jiran a raka shi gida. Fitilu a kunne tarwai, injin kwaɓi na juyawa, ma'aikata na buga kwaɓin a kan tebur suna musun ƙwallo, wani na wucewa da farantan gwangwani yana cewa a ba shi hanya. Ba wanda ya ce masa ya kwanta. Sai da aka fara fito da burodin farko mijin Auta ya waiwaya, ya ga Gajere ya ɓingire a kan buhu, baki buɗe, fulawa a gemunsa.

Tun daga ranar, a can yake kwana. Mai gidan burodin ya ce a ƙyale shi, ai ga mai gyaran famfo a kusa. Abin bai rabu da shi ba. Har yanzu wani daren yakan zabura ya dafe ƙirji, ya bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya kamar yana neman wani a cikinsu. Sabbin ma'aikata kan tsorata. Tsofaffin kuwa ko waiwayowa ba sa yi, sai wanda ya fi kusa ya ce, "Muna nan, Baba."

Ranar da gidan burodin ba ya aiki, tun la'asar Gajere ke yin shiru. Auta takan bar masa fitilar tsakar gida a kunne, ta kwanta tana jin takunsa.