Kananzir a Rijiyar Gidanmu

Duk sa'ad da ɗana ya buɗe kwalbar maganin feshin albasa, warin nan yakan mayar da ni gidanmu na Giwa Tazo. Ku matso ku ji.

Ina ƙarama, cikin bazara, tafkuna sun ƙafe, guga ya tsinke cikin rijiyarmu. Baffa ya ɗaura fitilar ƙwai da igiya ya zura don ya hango inda zai jefa ƙugiya. Fitila ta bugi bango, ta kife. Kananzir ya tsiyaye cikin ruwa. Rijiyar ke nan guda, mu da awaki da maƙwabta. Mata suka kama salati, baffa ya yi tsaye awa an dasa shi.

Kaka ta ajiye mazarinta, ta leƙa. Ta kira ni ta ce, "Ɗiyar ga, mi kika gani?"

Na ce, "Bakan gizo bisa ruwa."

Ta ce, "To ku bar kuka. Mai bai san ɓuya ba, sama shika zama."

Ta kwaso audugar da take kaɗi, ta cika lefe, aka zura a hankali har ya shafi fuskar ruwa. A jawo, a zubar, a sake. Audugar da ta yi tanadi tun lokacin girbi ta ƙare ƙaf a ranar. Aka yi ta kwarfa har launin ya ɓace, muka sha.

Yau ga ni da jikoki. Maganin nan in ya shiga ruwa sai ya yi fari awa nono, in ruwan ya yi yawa ya ɓace ɓat. Ɗana kuwa bakin rijiyar fadama yake wanke tankinsa, nan yara ke sha in sun bi mu gona. Autar jikokina ta sha, ta yi ta amai. Na yi masa magana, ya ce, "Inna, leƙa mana, garau shike." Na leƙa. Ba launi, ba maiƙo. Albasar nan kuma ita ke ciyar da mu.

Jiya a gona yarinyar ta ce ƙishi. Na riƙe hannunta, na hana. Ta yi ta kuka tana nuna ruwa, tana cewa, "Kaka, mi ag garai?" Ni kuwa ba ni da abin da zan nuna mata.