Mai Kai Baƙi Bur Sudan

Saifuddeen Kabo ya yi shekara goma sha shida yana kai mutane yawon buɗe ido Bur Sudan, birnin da ke bakin Bahar Maliya. Haifaffen Umdurman ne, a nan ma aka haifi ubansa. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa da niyyar aikin Hajji, guzuri ya ƙare masa a Umdurman, ya zauna ɗinkin hula har Allah ya karɓi ransa. Abin da ya bar wa jikokinsa shi ne sunan garinsu, sai kuma Hausa, wadda suke yi a gida suna gauraya ta da Larabci.

Hausar ce ta samo masa aikin. Wani mutum mai suna Amjad yana da ɗan ofishin shirya tafiye-tafiye a Suk al-Arabi, a tsakiyar Khartoum, kuma yana neman wanda zai iya magana da ɗaliban Nijeriya da Nijar da ke karatu a jami'o'in garin. Da an shiga sanyi ɗaliban kan haɗa kansu su ce suna son ganin teku. Bayan su akwai ango da amarya, da ma'aikatan da suka samu hutu. Saifuddeen ne ke cika bas da su, su bi ta Atbara, su gangara duwatsu, su isa Bur Sudan a gajiye.

Ya san abin da zai nuna musu kamar yadda ya san hanyar gidansa. Ranar farko kasuwar kifi ta Sigala, inda mutum zai nuna kifin da yake so a soya masa nan take. Da yamma yawo a bakin ruwa, a sha gahawa mai citta ana kallon manyan jiragen ruwa. Kashegari kwale-kwale mai gindin gilashi, wanda ake leƙa kifaye masu launi ta cikinsa. Daga nan Sawakin, tsohon gari mai rusassun gidajen dutsen teku. Idan da sauran lokaci, a hau dutsen Arkawit a sha iska. Kullum magana ɗaya, barkwanci ɗaya. Tun a shekara ta goma bayansa ya soma ciwo saboda zaman bas, bakinsa kuma ya gaji da cewa, “Ku duba dama, ku duba hagu.”

Matarsa Karima ba ta taɓa zuwa ba. Tana gida a unguwar Dar Salam, tana yin turaren wuta tana sayar wa mata. Idan ta ce ya tafi da ita, sai ya ce, “Aiki nake zuwa, Maman Nada, ba yawo ba. Bari baɗi.” Ita ma daga baya ta daina tambaya.

Yaƙi ya ɓarke cikin azumi, a shekarar 2023. Ofishin Amjad bai ƙara buɗewa ba. Saifuddeen ya yi ta cewa abin ba zai wuce mako biyu ba, suka zauna wata bakwai. Abin da ya tashe su maganin ciwon sukarin Karima ne, aka neme shi a duk Umdurman aka rasa, ƙafafunta suka fara kumbura. 'Yarsu ɗaya tilo, Nada, wadda ta karanta aikin jinya, ita ta yanke magana.

“Baba, in muka ƙara wata ɗaya a nan, Mama ba za ta iya hawa mota ba.”

Hanyar da ya saba bi a yini ɗaya, kwana huɗu ta ci musu. Aka sauke su a wata makarantar firamare a Bur Sudan, aji ɗaya iyali uku, an raba da labulen zanin gado. Shi bai taɓa zuwa garin da zafi ba, sai a wannan zaman ya san shi. Iska ba ta motsi, gumi ba ya bushewa, ruwan sha sai an bi layin amalanken jaki. Nada ta samu aiki a wani ƙaramin asibiti. Shi kuwa ya je Sigala neman aiki wurin Hazim, mai soya kifin da ya saba kai wa baƙi.

Hazim ya rungume shi, ya daɗe bai sake shi ba, sannan ya ce, “Wallahi ina jin kunyar abin da zan ce. Sai dai kankare kifi.”

“Ba ni wuƙar,” in ji Saifuddeen.

Haka ya riƙa zama a kan jarka tun safe har azahar, ƙaya na sukar yatsunsa, ƙarni na bin sa har makaranta. Wani lokaci tsofaffin baƙinsa kan wuce, su ma yaƙin ya koro su. Wasu su gane shi su gaisa, wasu ya sunkuyar da kai har su wuce.

Sun fi shekara a garin kafin Karima ta yi maganar. Ranar wata Juma'a ce da safe, sanyi ya dawo, ƙafarta ta ɗan yi sauƙi.

“Baban Nada, yau ba ka da aiki. Ka kai ni inda kake kai mutane.”

“Ga teku can, kina hango shi daga bakin titi.”

“Ban ce teku ba. Sawakin nake so.”

Ya so ya kwanta ya hutar da bayansa, amma ya tashi ya sa jallabiya. Suka hau ƙaramar bas cike da mutane da buhunan gawayi. Tafiyar sa'a ɗaya ta zama biyu saboda wuraren bincike. Da suka sauka, ya kama hannunta suka taka a hankali har cikin tsohon garin. Ba kowa sai kuliyoyi da wani dattijo mai gadi yana gyangyaɗi a inuwa.

Ya buɗe baki zai fara bayanin da ya saba, ya nuna wani bango ya ce, “Wannan gidan wani babban attajiri ne, ɗakunansa...” sai ya ji maganar ta tsaya masa. Ya faɗe ta sau ɗari, amma ranar, da ya ga gida ba rufi, tagogi a wangale, ƙasa ta cika tsakar gida, nasu gidan na Dar Salam ya tuna.

Karima ta dube shi. “Ƙyale bayanin. Nema mini wurin zama, ƙafata ta gaji.”

Suka zauna a kan wani dutse a bakin ruwa. Ta cire takalmi ta tsoma ƙafafunta, ta ce ashe ruwan da ɗumi. Ta ɗebo kaɗan ta ɗanɗana, ta tofar tana yamutsa fuska. Can nesa ana loda wa wani jirgi tumaki.

“Nan kakanka ya nufa?”

“Nan ne. Daga nan ake hayewa zuwa Jidda.”

“Allah sarki,” ta ce. “Shekara goma sha shida kana zuwa nan. Da na ɗauka daɗi kake sha.”

“Wani lokaci na sha,” ya ce.

Suka ci soyayyen kifi da burodi a wata rumfa. Ba ta iya cinye nata ba, ta ƙulle sauran a leda don Nada. Ya ce ko za su nemi mai kwale-kwale, ta ce a'a, ya isa haka, jikinta ya mutu. A hanyar komawa barci ya kwashe ta, kanta a kafaɗarsa, shi kuma bai motsa ba har suka iso, duk da bayansa na zugi.

Bayan wasu watanni aka ce hanya ta buɗe, mutane sun fara komawa Umdurman. Nada ta ce ba za ta bar aikinta ba tukuna. Ta rako su tasha, ta damƙa wa uwarta jakar magani, ta rubuta a takarda yadda za ta riƙa sha.

Gidan suka tarar a tsaye, amma babu ƙofa, babu taga, har wayar lantarki an zare daga bango. Tukwanen turaren Karima an farfasa su a tsakar gida. Kwana uku suna shara. Sau ɗaya ya haye gada ya je Suk al-Arabi, ya yi ta zagaye cikin ƙonannun shaguna, bai iya gane wanne ne ofishinsu ba, ya dawo.

Yanzu raksha, wato keke napep, ta wani maƙwabcinsa yake ja, tsakanin Dar Salam da kasuwa. Kwanan baya Amjad ya kira shi daga Alƙahira, ya ce idan abubuwa suka daidaita za su sake buɗe ofis. Saifuddeen ya ce, “In Allah ya so.” Da rana ta take yakan dawo gida, ya ajiye raksha a inuwar katanga, ya shimfiɗa tabarma ya miƙe bayansa. Ƙofar ɗaki har yau buhu ne aka rataya. Kafinta ya ce sai mako mai zuwa, don layin masu jiran ƙofa yana da tsawo.