Man Gyaɗa a Matatar Hansai

Shekara talatin Hansai ta Toranke tana matsar man gyaɗa. Duk sabon akushi ko turmi sai ta shafe shi da mai kada ya tsage. Da aka ba ta matatar ruwa saboda gudawar jikarta, haka ta shafe farar robar da ke cikinta da mai. Robar mai ƙananan ƙofofi ce, an gyara bayanta don ta riƙa jan ruwa. Man ya sa ta koma ƙin ruwan.

Da na je duba matatar, na tarar ko ɗigo ba ya sauka. Na ce, "Iya, me kika yi?"

"Kula da ita na yi, 'yar nan."

Innalillahi! Masu rabon ba wanda ya yi mata bayani. Jikar ta koma shan ruwan kududdufi.