Ustad Faiz Bakhsh Gopang, Mai Gyaran Taransifoma

Haihuwarsa
A shekarar 1958 aka haifi Faiz Bakhsh a garin Alipur na gundumar Muzaffargarh. Mahaifinsa Rahim Bakhsh manomin auduga ne, mahaifiyarsa kuwa sunanta Mai Sabhai.

Karatu da sana'a
Ya tsaya a aji biyar. A 1971 aka kai shi birnin Multan wurin wani ustad, wato gwanin sana'a, mai naɗin wayar jan ƙarfe, ya shekara tara yana koyo, har ya kai da warin mai kaɗai yake gane inda taransifoma ta ƙone. Ya fito da sana'a, amma babu takardar shaida.

Aikinsa
A 1988 kamfanin wutar yankin ya ɗauke shi a matsayin ma'aikacin wucin gadi, aka ce kafin shekara za a tabbatar da shi. Ƙarya ce tsagwaronta. Ƙa'idar kamfanin ita ce ɗan ma'aikacin dindindin yana gadon gurbin ubansa, kuma a yankin da masu difloma ke tuƙa riksha, keken haya mai ƙafa uku, wannan gurbi shi ne burinsa duka. Sau goma sha ɗaya ya rubuta takardar roƙo. Injiniyoyin da ba su iya riƙe filaya ba suna kiransa ustad, su sha shayinsa, su jefa takardar a durowa. A 2012 wani akawu ya ce masa, "Haba Ustad, kai da hannunka ya fi takarda, me za ka yi da ita?" Ya amsa, "To hannun zan yanke in bar wa ɗana Sajjad?"

Aure
Ya auri Nasim Mai a 1983.

Rasuwarsa
Ranar 14 ga Yunin 2019 aka tura shi gyara kan turken wuta a tsakiyar zafi. Izinin kashe layin wuta ba a rubuta shi da sunan ɗan wucin gadi, don haka da baki aka ba shi, ta waya, kamar kullum. Wanda ya karɓi canjin aiki a tashar wuta ya duba littafi, bai ga kowa a kan layi ba, ya mayar da wuta, Faiz Bakhsh yana kan turken. An yi jana'izarsa bayan la'asar a maƙabartar Alipur. Ko masinja kamfanin bai aiko ba, abin kunya.

Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Riaz, lebura a Sharja ta ƙasar Larabawa, Shamim da Kausar, suna gidajen aurensu, sai Sajjad, mai difloma ta lantarki, wanda ya nemi gurbin ubansa, aka amsa masa a rubuce cewa kamfanin bai taɓa samun ma'aikaci mai wannan suna ba.