Durƙuson Inna

Inna, mahaifiyata, ta yi shekaru tana dakon dutse a ka a tsaunukan Keita, lokacin da ake jera duwatsu don tare ruwan sama. Kwari ya yi kore, bayanta ya ƙare. Ciwon ya fara daga ƙugu, ya gangara ƙafar hagu, har ta kai ko buta ba ta iya ɗagawa. An yi ƙaho, an yi tsaga, an sha sassaƙe, duk a banza. A Madawa aka ɗauki hoton bayan, aka ce sai Yamai, sai an yi aiki.

Aikin ya yi kyau, kuma wannan ne ke ci mini rai har yau. Da idona na ga Inna ta taka ƙasa tana dariya. Likitan ya ja mini kunne: kada ta sunkuya, kada ta durƙusa, salla ma a zaune, sai ƙashi ya riƙe ƙarfen da aka sa mata. Na sayi kujerar roba mai hannu, na ɗaura a kan mota har ƙauyenmu, can wajen Ibohamane.

Ashe abin kunya na sayo mata. A wajenmu mace ba ta gaida babba a tsaye, balle daga kan kujera shi yana tabarma. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa, Inna na zaune kamar a kan ƙaya. Kafin su kai ƙofa sai ka ji ana cewa ta je birni ta dawo madam.

Sai ga Baba Babba, yayan marigayi mahaifina. Na tare shi a zaure, na durƙusa na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya ce, "Na jiya." Ya shiga ya zauna a tabarma. Inna ta gaishe shi daga inda take. Bai amsa ba, ya tsura wa awaki ido, sannan ya juyo gare ni.

"Kai, gidan ga an bar gaida mutane? Ko ƙarhen da anka sa mata har wuya ya kai?"

Na ga Inna ta dafa hannun kujera. Na ce, "Inna, don Allah kar ki tashi."

"Yi man shiru, ɗan nan. Ban zubda mutuncina da ƙuruciya ba, ba ni zubda shi da hurhura."

Ta sauka, ta durƙusa har ƙasa. Shi kuwa ya saki baki yana amsawa a tsanake: ya hanya, ya mutanen Yamai, ya ƙarfin jiki. Gumi na tsiyaya a goshinta tana cewa lafiya lau. Da ya shafa fatiha ya fita, ta kasa tashi. Mu biyu muka ciccibe ta, ƙafar hagun na jan ƙasa.

Da muka koma Yamai aka ce ƙarfen ya goce, ƙashinta kuma ba zai ɗauki aiki na biyu ba. Tun daga nan da rarrafe take zuwa bayan gida.

Ban yafe ba, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba. Baba Babba yana nan da ransa. A wurin suna ko zaman makoki yakan ce, "Matar ƙanena, mace mai ladabi. Irinsu sun ƙare." Ina ji, sai in matsa in durƙusa in gaishe shi. Inna ce ta ce in na kuskura na gaishe shi a tsaye, ba ta yafe mini nononta ba.